MP ɗin babur ɗina a tsaye lafiya lau, da na hau titi sai ya fara ɗaukewa

Baban Ummi:
Assalamu alaikum jama'a. Masu rewaya da duk wanda ya san lantarkin babur, ku taimaka min, abin nan ya kai ni bango. Boxer gare ni, shekararsa uku a hannuna. Sana'ata sarin atamfa da shadda daga Kwari in kai Wudil da Gaya da ƙauyukan kewaye, don haka rabin yinina a kan babur yake ƙarewa. Bayan ƙaramar sallah na sa aka ɗaura min MP, irin mai sifika biyu ɗin nan da ake maƙalawa a gindin madubi, mai rediyo da wurin memori da Bluetooth. Da safe in ji labarai, a hanyar dawowa in sa karatu.

In babur yana tsaye a ƙofar gida, sauti tas, har yara su taru. Da na hau titi sai a fara. Wani lokaci ya ɗauke ɗif, ya sake kunna kansa, karatun ya koma farkon sura. Jiya tsakanin Mariri da gadar Wudil sau biyar ina jin Bisimilla. In kuma rediyo na kama, sai wani tat-tat-tat ya shiga cikin muryar mai labarai. Wannan shi ne MP na uku. Na farko na ce jabu ne na jefa a kwali. Na biyu mai shagon ya ce ni na ƙona shi, muka yi ta cacar baki sai da maƙwabtansa suka raba mu. Na ukun nan kwanansa huɗu, ya ɗauko halin yayyensa. Wane iri ne mai kyau in saya in huta?

Sarkin Totur:
Wa alaikumus salam. Duk na kasuwar nan ɗanjuma ne da ɗanjummai. Nemi wanda aka rubuta 500W a kwalinsa, shi yake jure hanya.

Oga Rewaya:
Malam Baban Ummi, kada ka sayi na huɗu. Shekara ashirin da wani abu ina wannan aiki, ban taɓa ganin MP uku sun yi ciwo iri ɗaya a babur ɗaya ba, a ce kuma laifinsu ne. Babur ɗin ne ba shi da lafiya, su dai suna faɗa maka ne. Amsa min waɗannan. Lokacin da yake ɗaukewa, me hannunka ko ƙafarka ke yi? Birki ka taka, oda ka danna, kwana ka sha, ko rami ka faɗa? Sannan tat-tat ɗin nan, yana ƙara sauri in ka ja totur? Kuma wa ya ɗaura maka, a ina ya ɗauko wuta?

Baban Ummi:
Oga, wallahi ban taɓa lura ba, ni dai haushi kawai nake ji. Wani yaro ne ya ɗaura a gefen shagon da na saya, minti goma bai kai ba. Gobe zan lura in sha Allahu.

Injiniya Ƙarami:
Kafin gobe, bari in taɓa maganar 500W ɗin nan, don tana cin kuɗin mutane. Lissafin ba wuya. Wat shi ne bolt sau amfiya. Babur bolt 12 yake bayarwa. Kafin ka samu wat 500 daga bolt 12, sai ka ja amfiya sama da 40. Fiyus ɗin babur gaba ɗayansa amfiya 10 ne ko 15. Ka ga ke nan da rubutun kwalin gaskiya ne, da kunnawar farko fiyus zai tsinke. Ɗan amfilifayan da ke cikin irin waɗannan MP, a kan sifika mai om 4, iyakar abin da zai iya bai wa kowace sifika bai wuce wat 18 zuwa 20 ba, shi ma in an ƙure shi har murya ta fara tsagewa. Sauran duk tawada ce.

Sarkin Totur:
To ni nawa 500W ne kuma bai taɓa ɗaukewa ba.

Injiniya Ƙarami:
Batirinka ne mai kyau, Yaya. Kwalin ba ruwansa.

Baban Ummi:
Salam. Na dawo daga Gaya yanzu, kuma yau na yi tafiyar kamar ɗan sanda mai bincike. Ga abin da na gani. In na danna oda, ɗif. Kusan ko yaushe. In na taka birki a cunkoso injin yana silo, shi ma yakan ɗauke, amma ba kullum ba. A kwalta mai santsi ina gudu ba ya ɗaukewa. Da na sauka burji wajen wani ƙauye, gargadar nan ta sa shi yana yankewa yana dawowa kamar mai shaƙuwa, ko oda ban taɓa ba. Tat-tat kuwa tabbas yana bin totur, in na ja ya yi sauri, in na saki ya lafa. A memori kaɗan nake jin sa, a rediyo ne ya fi.

Oga Rewaya:
Madalla. Yanzu ka yi magana. Ciwo uku ne a jikin babur ɗinka, kai kuma kana ta canza majinyaci.

Na oda da birki, ƙarancin wuta ne. Oda tana shan wuta da yawa a lokaci guda, ƙwan birki ma wat 21 ne a yawancin baburan nan. In batir ya yi sanyi, da ka danna sai wutar ta faɗi ƙasa na ɗan ƙiftawar ido. Ƙwai bai damu ba, zai ɗan dushe ya dawo. Shi MP akwai 'yar ƙwaƙwalwa a cikinsa, da wuta ta faɗi sai ta mutu ta tashi daga farko. Shi ya sa kake ta jin Bisimilla. Kuma ina kyautata zaton yaron nan daga wayar oda ya saci wutar, don ita ce a kusa da hannu a cikin kan fitila.

Na gargada, waya ce ba ta zauna ba. Ka duba baƙar wayar MP ɗin, a ina ya ɗaure ta?

Baban Ummi:
Na haska da tocila. Ya naɗe ta a natin madubi ne, ya ɗaure.

Oga Rewaya:
Innalillahi. Ga ɓarawon nan. Kan babur ba haɗe yake da bodi kamar yadda ido ke gani ba. A kan boris yake juyawa, boris kuma cikin giris yake. Wutar da za ta koma batir ta natin madubi sai ta ratsa ta 'yan ƙwallayen nan masu maiƙo. A tsaye nauyi ya danne su, hanya ta samu. A gargada suna tsalle, hanya na yankewa. Kuma ba MP kaɗai ke cutuwa ba, boris ɗin ma ba ya son wuta na bi ta cikinsa. A kwance ta daga nan, a ja sabuwar waya har kan negetib na batir. In ba za a kai ta batir ba, a nemi nati a jikin firam, a kankare fenti da tsatsa sai ƙarfe ya yi fari, a sa mata kan zobe a ɗaure tamau. Ba murɗe waya da haƙori a naɗe da salatif ba.

Ɗan Ƙonni:
Gaskiya Oga ya hwaɗi. Mu nan wajenmu masu kabu-kabu da yawa sun sha wannan. Amma shi tat-tat ɗin, buji ne. Ku hilogi kuke ce mai ko? Moto ɗina haka ya yi mini bara, ina bisa hanyar Tawa rediyo ba ta saurarowa. Ashe kan buji ne munka canza, munka sa na arha.

Injiniya Ƙarami:
Ɗan Ƙonni ya harbo daidai. Duk lokacin da filogi ya kyasta, dubban bolt ne ke tsallake ɗan ratar nan, kuma kowace kyastawa tamkar ƙaramar tashar rediyo ce. Wayar filogi ita ce eriyarta. Shi ya sa kamfani ke sa ɗan abin rage ƙarfin wuta a cikin kan filogi, yawanci om 5,000, don ya danne wannan hayaniya. Na arha da ake sayarwa wasu fanko ne, ƙarfe kawai ya ratsa. Injin zai tashi lafiya, mai babur ba zai san an yi ba sai ranar da ya ɗaura rediyo. Gwajin: kwance kan filogin daga wayarsa, sa mitar auna lantarki a 20k, wajen auna om, taɓa ciki da waje. In ta nuna wajen 5, wato om 5,000 ɗin nan, lafiya. In ta nuna sifili, fanko ne. Akwai kuma filogin da abin yake a cikinsa, a na NGK harafin R ne alama. Misali na ƙananan injina irin roba-roba, akwai C7HSA akwai CR7HSA, na biyun ne mai shi. Ba ina cewa wannan lambar ce ta Boxer ba, a duba wanda ke jiki a nemi ɗan'uwansa mai R.

Baban Ummi:
Ikon Allah. Da damina ruwa ya taɓa kashe min babur a hanya, bakanike ya canza kan filogi. Ja ne ma, mai kyau a ido.

Oga Rewaya:
Jan nan na san shi. Kyan ɗan maciji.

Mai Shayi Bakin Tasha:
Ni tambayata daban ce. Don me za a ce sai an sayi mita? Ai gwajin caji sananne ne tun zamanin Honda Benly. Ka ta da injin, ka cire kan batir. In bai mutu ba, yana caji. Shi ke nan.

Injiniya Ƙarami:
Baba, don girman Allah kada a koya wa mutane wannan. Dalili biyu. Na ɗaya, yawancin baburan nan wutar filoginsu daga kwayil take zuwa kai tsaye, ba ta bi ta batir. Ko caji ya mutu murus injin ba zai mutu ba, ka ga gwajin bai gaya maka komai ba. Na biyu, batir shi ne yake shanye tsallen wutar da ke fitowa daga rektifaya, wato abin da ke daidaita wutar caji. Ka cire shi injin na aiki, wutar ta yi sama, duk abin da ke kunne mai ƙwaƙwalwa yana iya tafiya. MP ne farkon wanda zai yi hayaƙi.

Mai Shayi Bakin Tasha:
Yaro, kafin a haife ka muke yi.

Oga Rewaya:
Alhaji, ni ma na yi shi shekaru, ba zan ɓoye ba. Amma lokacin nan me ke jikin babur? Ƙwai da oda. Yanzu an rataya masa cajar waya da MP da fitilar LED. Yaron nan ya fi mu gaskiya a nan. Ni da nake wa masu mita dariya, yau in na manta tawa a gida komawa nake yi in ɗauko. Inda ban yarda da su ba shi ne su zauna suna karanta lamba, ba su taɓa waya da hannu ba. Sau nawa mita za ta nuna maka 12 cif, ka girgiza soket ka ga wuta ta ɗauke? Mita ba ta hawa gargada.

Injiniya Ƙarami:
Na karɓa, Oga. To Baban Ummi, ga yadda za ka auna, kowane mai gyaran waya ko mai sola yana da mita, ka ara. Sa ta a DC 20. Da safe kafin ka ta da babur, ja a kan fozitib, baƙi a kan negetib. Cikakken batir 12.6 yake nunawa ko sama kaɗan. In ka ga 12.2, rabi ne. Sannan makulli a kunne, danna oda kana kallon mitar, ka ga ina lambar ta faɗa. Sannan ta da injin, ja totur tsaka-tsaki, ya kamata ta hau tsakanin 13.5 da 14.5. In ba ta hau ba, caji bai isa. In ta wuce 15, rektifaya ta saki, tana dafa batir, za ka ga ruwansa na yawan ƙonewa, ƙwai na yawan mutuwa.

Maman Hanif:
Sannunku da ƙoƙari. Ku ba ni aron zauren kaɗan tunda ana maganar. Ni roba-roba nake hawa zuwa wurin aiki, abin kunne na Bluetooth nake sawa a ƙarƙashin hular kwano. Nawa ba ya mutuwa, amma yana tsinkewa daƙiƙa ɗaya ko biyu ya ci gaba. Ba ruwansa da batirin babur tunda ba a haɗe suke ba. Mene ne?

Injiniya Ƙarami:
Hajiya, a ina kike ajiye wayar?

Maman Hanif:
Cikin jaka, jakar kuma a ƙarƙashin kujera nake kulle ta saboda masu fizge.

Injiniya Ƙarami:
To kin zauna a kan siginar. Bluetooth a 2.4 gigahaz yake aiki, ƙarfinsa kaɗan ne, a fili ma wajen mita 10 yake kaiwa, kuma jikin mutum yana shanye shi sosai saboda yawancinsa ruwa ne. Tsakanin wayar da kunnenki akwai kujera, akwai ke kanki gaba ɗaya. Gwada sa ta a aljihun gaba ko 'yar jakar ƙirji a cikin hijabi. In bai daina ba, duba ko saƙonni ne. Duk saƙon WhatsApp da ya shigo, waya takan danne abin da ke kunne don ta yi ƙararta.

Maman Hanif:
La ilaha illallahu. Gurup ɗin 'yan ajinmu ne, wallahi. Safiya ba ta yi sai sun turo gaisuwa ɗari. Na sa shi a shiru, zan gani gobe.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, kuma ban ga wanda ya yi tambayar da ta fi muhimmanci ba. Shin ya ma dace mutum ya hau babur yana kunna sauti? Ranka a tafin hannunka, tirela a bayanka, kai kana neman tasha. Na biyu, Malam Baban Ummi, karatun Alƙur'ani ana so a yi shiru a saurara. Kana tsakiyar oda da zagin 'yan adaidaita, wane sauraro ake yi? Ban ce haramun ba ne, amma a duba.

Baban Ummi:
Allah ya gafarta Malam, na ji kuma na gode. Ni dai abin da na sani, tafiyar awa guda ni kaɗai bayan la'asar, in ba abin da nake ji gyangyaɗi ke ɗaukata. Sau biyu ina farkawa a gefen titi kafin in sa MP ɗin nan. A cikin gari kuwa kashewa nake yi, sai na wuce Mariri nake kunnawa.

Sarkin Totur:
Malam a bar mu mu ji daɗin babur ɗinmu. Masu mota ba su kunnawa ne?

Malam Na Bakin Kasuwa:
Mai mota in ya yi kuskure bodi ne ke lotsewa. Kai in ka yi, wane bodi gare ka? Kuma kai musamman, in kai ne mai wucewa ta layinmu da kiɗa ana sallar magariba, to ga shi na faɗa maka a gaban jama'a.

Sarkin Totur:
Ba ni ba ne Malam, ni a Hotoro nake.

Maman Hanif:
Ni a ɓangaren lafiya nake aiki, bari in sa baki. Gyangyaɗi a kan babur, Baban Ummi, maganinsa tsayawa a wanke fuska ko a runtsa minti goma a gindin bishiya. Sauti yana ɗan ɗaga shi ne kawai. Sai maganar kunne, wadda ba wanda ke kula da ita. A ƙa'idar masu kula da lafiyar ma'aikata, ƙarar da ta kai desibel 85 awa 8 ake yarda mutum ya zauna a cikinta a yini, kuma duk ƙarin desibel 3 lokacin rabewa yake yi biyu. Wato a 94 saura awa 1. Iskar da ke kaɗa kunnen mai gudu a babban titi ita kaɗai tana haura 90. Kai kuma don ka ji MP sai ka ƙure shi ya fi iskar. In ka sauka kana jin wani siii a kunne, ba gajiya ba ce, kunnen ne ke kuka, kuma abin da ya lalace a ciki ba ya dawowa. Ni kunne ɗaya nake sawa, a ƙasa-ƙasa, kuma ba na wuce gudun cikin gari.

Oga Rewaya:
Hajiya ta taɓo wani abu da ya shafi aikinmu. Rabin masu kawo min sifika wai ta fashe, ƙurewa ce. A tsaye lamba 12 ta ishe su, a titi su kai ta 30, amfilifaya ya ƙure, murya ta tsage, kwayil ɗin sifika ya yi zafi ya ƙone. Wasu kuma su ƙara sifika biyu a kan wayar biyun farko. Om 4 da om 4 in ka haɗa su a baki ɗaya sun koma om 2, ɗan amfilifayan ya ɗau zafi, a ranar Afrilu ta Kano kuwa dama ƙarfen har ƙona hannu yake. Sai ya kashe kansa, ya huce, ya dawo. Shi ma mai shi ya ce jabu ne. Hular kwano mai rufe kunne ta fi ƙarin sifika amfani, iska na raguwa ka ji da ƙaramin sauti.

Mai Shayi Bakin Tasha:
Hular kwano! Ka tuna min 2009 da 'yan Road Safety suka ce dole, mutane suka riƙa kifa ƙwarya a ka suna ɗaure ta da igiya.

Admin:
Jama'a a dawo kan batirin Baban Ummi. Maganar ƙwarya a buɗe mata nata zaren.

Baban Ummi:
Na aro mita wurin mai sola na layinmu. Da safe 12.1. Na danna oda ta faɗa 9 da wani abu, odar ma ashe muryarta ta shaƙe ban lura ba. Na ta da injin na ja totur, 12.5, ta ƙi wucewa. Da kik nake tashi kullum shi ya sa ban san batir ya mutu ba. In sayi batir ke nan?

Injiniya Ƙarami:
Dakata. 12.5 injin na gudu yana nufin caji bai isa. Ka sa sabon batir a haka, wata biyu ya bi sahun tsohon. Rektifaya ce ta tafi, canza ta.

Oga Rewaya:
Kai ma dakata, ɗana. Ka ga halin naku? Lamba ta nuna, sai a sayi kaya. Baban Ummi, bi wayoyin da suka fito daga murfin injin ta hagu, za ka tarar da soket. Akwai wani kuma a jikin rektifaya. Zare su ka leƙa ciki. Babur ɗin da ruwa ya taɓa kashewa a hanya, ina da zato.

Baban Ummi:
Oga, Allah ya ja da ranka. Na rektifayar, ƙafa ɗaya ta yi kore shar kamar an shafa mata kuka, robar gefenta ta ɗan narke. Da na ja wayar sai ta zare a hannuna, silin waya uku kacal suka rage a ciki.

Oga Rewaya:
To ka gani. Kada ka kankare ka mayar, ta riga ta saki. A yanke, a sa sabuwar ƙafa, a matse ta sosai, a ɗan shafa giris a baki saboda ruwa. Sannan a sake aunawa. In ta hau 13 da rabi zuwa 14 da rabi, rektifaya lafiyarta ƙalau.

Tunda za a buɗe, a yi aikin gaba ɗaya. Jar wayar MP a cire ta daga oda. A ɗauko wuta daga wayar da ke kawowa bayan an murɗa makulli, ko mafi kyau daga batir ta hanyar rile, wato ɗan makunnin lantarki wanda makulli ke kunnawa. Kada a haɗa shi da batir kai tsaye ba makashi, don irin waɗannan ko a kashe suna ɗan tsotsa, babur ya kwana uku ka tarar ba wuta. Kada kuma a kuskura a ɗauko daga wayar babbar fitila. A baburan da fitila ke ƙara haske in an ja totur, wutar nan AC ce daga kwayil, ba irin ta batir ba, MP ba ya cin ta. A sa fiyus na amfiya 3 ko 5 kusa da inda aka ɗauko wutar. Wayoyin su bi gefen firam nesa da kwayil da wayar filogi, kuma a wuyan babur a bar musu sako-sako, ka juya kai ƙarshen dama da ƙarshen hagu ka ga ba su ɗame ba. Duk wannan makulli a kashe, an cire negetib, tunda kusa da tanki ake aiki.

Ɗan Ƙonni:
Ku ƙara da carte memoire, abin da kuke ce ma memori. Ramin nata na sakin jiki da girgiza. Ni ɗan salatif na manna bisa. Kuma lokacin hunturu ƙura na cika sifika, magnet ɗin na jawo ɓurɓushin ƙarhe, ka ji tana ƙarar yashi. Kahwarta ta ɗan kalli ƙasa, kuma wurin wanki ka hana yara su hwesa mata ruwan injin.

Sarkin Totur:
Ni fa tunda ake ta faɗa, nawa ma yana da ɗan abu. In na jona waya da igiyar AUX kuma ina caja ta a jikin babur, sai wani wiiii ya taso yana bin totur. In na zare caja ya ɗauke.

Injiniya Ƙarami:
Ashe 500W ma yana ciwo. Wannan daban yake da tat-tat. Wayarka ta samu hanyar negetib biyu, ɗaya ta caja ɗaya ta igiyar sauti, sai hayaniyar caji ta bi ta igiyar ta shiga amfilifaya. Mafi sauƙi, koma Bluetooth in kana caji, ko ka yi caji da fawa bank. Ko a haɗa negetib ɗin cajar da na MP a wuri guda. Cajar arha kuma tana kashe FM, in tasha ta ɓace da ka jona waya, ita ce.

Maman Hanif:
Nawa ya daina. Gurup ɗin ne. Wayar ma ban matsar da ita ba tukuna.

Baban Ummi:
Salam jama'a, ga rahoto. Na kai wa wani mai rewaya a nan Wudil, na karanta masa saƙon Oga daga farko har ƙarshe, ya ce wannan malaminsa ne ko bai san shi ba. An canza ƙafar soket, mita ta nuna 14.1. Batirin dai bai tsira ba, mun caja shi ya kwana, da safe ya koma 12.0, dole na sayi sabo. Baƙar waya ta koma batir, an sa rile da fiyus. Jan kan filogin nan mun auna, sifili. Mun zaga shago huɗu da mita a hannu kafin mu samu mai nuna 5, wani mai shago har ya ji haushi wai muna auna masa kaya kamar masu sayen zinare.

Yau Juma'a, ranar kasuwa, na danna oda ta fi sau hamsin a cikin shanu da masu kura, bai ɗauke ko sau ɗaya ba. Na bi burjin nan na ranar, shiru. Tat-tat ya tafi a memori gaba ɗaya. A rediyo in tasha ta yi nisa, can wajen Gaya, ina ɗan jin sa ƙasa-ƙasa.

Injiniya Ƙarami:
Wannan saura eriya ce. 'Yar wayar da ke lilo a bayan MP ɗin, kada a naɗe ta a ƙarfe, a miƙe ta sama ta bi sandar madubi a cikin roba.

Oga Rewaya:
Alhamdu lillahi. MP biyun da ka jefa a kwali fa, suna nan?

Baban Ummi:
Oga kada ka tona min asiri. Mun jona su a sabon batirin, duka biyun suna yi. Na farkon Maman Ummi ta riga ta ƙwace, mai sola zai haɗa mata a kicin. Na biyun nake ta juyawa a hannu, don in na tuna abin da na faɗa wa mai shagon nan a gaban mutane, ban san da wace fuska zan bi ta layinsu ba.

Malam Na Bakin Kasuwa:
Da fuskar da ka je ka yi faɗan. Ka biya gobe in ka shiga Kwari.

Sarkin Totur:
In ba ka so na biyun nawa za ka sayar?